Wasafin Wuri da Gini a Rubutun Zube na Hausa: Misali Daga Bulumkutu, Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe yana karanta ƙagaggun labarai na Hausa, ko kuwa yana duba insha'in ɗalibai, ba zai kasa lura da wani abu guda ba. Marubucinmu gwani ne wajen tsara zance tsakanin mutane da fito da halin kowannensu, amma da zarar labari ya biyo ta kan wani wuri ko wani gini, sai alƙalaminsa ya ɗau gaggawa. A cikin jimla ɗaya ko biyu zai shaida wa mai karatu cewa gidan ƙato ne, ko unguwar ta talakawa ce, ko garin ya bunƙasa, daga nan sai ya zarce. Mai karatu zai rufe littafi ya san abin da kowa ya faɗa, amma da za a ce ya zana fasalin gidan da aka yi maganar a cikinsa, ko ya faɗi inda ƙofarsa take kallo, da ya rasa ta cewa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan rauni ba daga harshen Hausa ya taso ba. Ya taso ne daga wata al'ada da rubutu ya gada daga baka, wato al'adar yi wa wuri kirari maimakon a tsaya a dube shi. Za a ɗauki unguwar Bulumkutu ta Maiduguri a matsayin abin misali, domin tana cikin wuraren da wannan al'ada ta fi cutarwa: sunanta ya zaga Nijeriya, kamanninta kuwa ba su bi sunan ba.

Ya kamata a yi bayanin kalma ɗaya tun daga farko. A nazarin waƙa, musamman tun bayan Gadon Feɗe Waƙa na Abdulƙadir Ɗangambo, kalmar "siffantawa" ta riga ta zama sunan wani nau'i na adon harshe, abokin kamantawa da jinsintarwa. Don gudun rikitarwa, a nan an zaɓi "wasafi" da aikatau ɗinsa "wassafa", waɗanda Hausa ta aro daga Larabci tun da daɗewa. Abin da ake nufi da wasafi shi ne bayyana kamannin abu da kalmomi, ta yadda wanda bai taɓa ganinsa ba zai shaida shi ran da ya tarar da shi. Wannan sharaɗi shi ne ma'aunin da za a riƙa auna misalai da shi.

2.0 Kirari da Wasafi

Bahaushe ya daɗe yana magana a kan garuruwansa, amma da harshen maroƙi. An kira Kano tumbin giwa, an kira Katsina ɗakin kara. Irin wannan kirari yana da aikinsa, kuma babban aiki ne, domin yana ɗaukaka gari yana kuma dunƙule tarihinsa cikin kalmomi kaɗan. To amma ana yin kirari ne a gaban wanda ya riga ya san wurin. Maroƙin da ke tsaye a ƙofar fada ba ya bukatar ya gaya wa jama'a tsawon soron da ke gabansu, tun da suna kallonsa. Haka ita ma mai tatsuniya: "wani gari" da "bayan gari" da "gindin tsamiya" sun ishe ta, saboda yaran da ke zaune a tsakar gida suna da garin da tsamiyar a cikin ransu. Rubutu ne ya raba mai magana da mai sauraro. Littafin da aka buga a Zariya ana karanta shi a Maraɗi da Kumasi, inda ba kowa ya taɓa ganin abin da marubucin yake gani ta tagarsa ba. A nan ne bukatar wasafi ta taso, kuma a nan ne zubenmu ya yi jinkiri.

Idan aka dubi littattafan da gasar 1933 ta haifar a ƙarƙashin jagorancin Rupert East, za a ga wannan gado a fili. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, labari ya tashi daga Kwantagora ya ratsa garuruwa da dama, amma kowane gari suna ne kawai da dandalin da Alhaji Imam zai sake karo da Malam Zurƙe. Ba aibi ba ne ga littafin, domin ƙarfinsa yana cikin raha da saurin tafiya, kuma da an tsaya ƙirga zaurukan kowane gari da an kashe masa armashi. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa, inda ido ya fi buɗewa shi ne wajen ƙetare hamada, wato wurin da marubuci ya san masu karatunsa ba su sani ba. Wannan abin lura ne. Haka abin yake a labarin Dorugu, yaron da aka kai Kukawa a matsayin bawa, Overweg ya 'yanta shi, ya bi Barth har Ingila a 1855, ya kuma ba Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga a Magana Hausa a 1885. Haka kuma yake a Tafiya Mabuɗin Ilmi na Imam da Motsi Ya Fi Zama na Aminu Kano. Baƙunci ne yake tilasta wa Bahaushe ya wassafa. Da ya dawo gida, sai ya ɗauka kowa ya sani.

Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, gida ya shigo cikin labari fiye da da, domin mafi yawan labaran soyayya da zaman aure a cikin gida suke faruwa. Sai dai abin da ya shigo wani sabon kirari ne. Misalai biyu da ke biye ni na haɗa su daga maganganun da suka zama ruwan dare, ba daga wani littafi aka ciro su ba:

(1) Motar ta tsaya a ƙofar wani tangamemen gida na gani na faɗa, wanda tsayawa bayyana kyansa ɓata baki ne. An kashe masa dukiya iyakar dukiya. Kai, in ka shiga sai ka rantse ba a ƙasar nan kake ba.

(2) Ya gangara wata ƙazamar unguwa ta talakawa, lungu cikin lungu, ko'ina kwata da bola, babu abin gani sai wahala.

A misali na (1) ba a gaya mana ko gidan bene ne ko ƙasa ba, ko da me aka gina shi, ko mene ne farkon abin da mai shiga zai taka. Abin da aka gaya mana biyu ne: tsadar gidan da mamakin mai ba da labari. Jimlar nan ta "ɓata baki" kuwa, in an dube ta da kyau, ajiye aiki ce: marubuci ya sanar da mai karatu cewa ba zai yi abin da aka ɗauko littafin dominsa ba. Misali na (2) zambo ne, kuma zambo ƙanen kirari ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Dukansu hukunci suke yankewa a kan wuri kafin a gan shi. Duk wanda aka ba misali na (2) aka ce ya je ya nemo unguwar, zai iya nuna kowace unguwa daga Sakkwato har Yola, ko ya kasa nuna ko ɗaya.

3.0 Bulumkutu: Sunan da Ya Rufe Wuri

Bulumkutu tana gefen yamma na Maiduguri, a kan hanyar da ta fita zuwa Damaturu da Kano, kusa da filin jirgin sama. Ta wannan gefen ne layin dogo, wanda ya iso Maiduguri a 1964, ya shigo gari. Ita kanta Maiduguri ba tsohon birni ba ce in an gwada ta da Kano ko Katsina: a 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa ya zauna a Yerwa, inda Turawa suka kafa sansaninsu. Garin ya zama hedikwatar Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, sannan ta Jihar Borno a 1976, kuma a shekarun arzikin man fetur ya cika ya tumbatsa har ya haɗiye ƙauyukan da ke kewaye da shi. Bulumkutu na cikin waɗannan wurare na bakin gari, inda baƙo mai ƙaramin ƙarfi kan sami wurin sauka.

Amma ba don wannan ne masu karatu a Kano ko Ibadan suka san sunan ba. Sun san shi ne saboda ƙarshen watan Oktoba na 1982, lokacin da aka gwabza tsakanin 'yan sanda da mabiyan Muhammadu Marwa Maitatsine, waɗanda suka tattaru a can bayan an kashe shugabansu a Kano a Disamba 1980. Daga wannan lokaci sunan ya shiga jerin da ɗaliban tarihi suke haddacewa: Kano 1980, Bulumkutu da Kaduna 1982, Jimeta 1984, Gombe 1985. A shekarun rikicin Boko Haram, wanda ya ɓarke a Maiduguri a Yuli 2009, sunan ya sake fitowa a rahotannin ƙungiyoyin agaji saboda cibiyar da gwamnatin Borno ta ware a unguwar don karɓar yara da mata kafin a mayar da su ga danginsu. Ke nan sau biyu sunan ya yi tafiya, kuma duk biyun da labarin tashin hankali ya tafi. Unguwar da mutane suke haihuwa a cikinta, suke aure, suke biyan haya, suke dasa itace, ta koma shekara ɗaya a cikin jeri. A ganina wannan ya fi misali na (2) muni, domin zambo ko ba komai yana ambaton kwata.

Wani zai ce ai wannan matsalar masu tarihi ce, ba ta masu nazarin salo ba. Amsar ita ce shi kansa tarihin ba ya fahimtuwa sai da wasafin gini. Rikicin Kano na 1980 yana da fuska ta gini ƙarara: a unguwar 'Yan Awaki mabiyan Marwa sun faɗaɗa gine-gine ba da izini ba, kuma wasiƙar da Gwamna Abubakar Rimi ya aike masa a Nuwamba 1980 ta ba shi wa'adi ne a kan waɗannan gine-gine. Lubeck (1985) ya danganta ƙungiyar da halin da gardawa suka shiga a biranen da kuɗin mai ya sauya wa fasali. Mai son ya ga wannan sauyi da idonsa, sai ya dubi ƙofar gida. A tsohon tsari zaure shi ne masaukin baƙo da almajiri, makarantar malami, wurin sana'ar mai gida, kuma iyakar da namiji baƙo ba ya ƙetarewa. Ginin ƙasa kuma yana bukatar yaɓe kafin kowace damina, aikin da ɗan cirani yake samun abinci da shi. Gidan bulo mai ƙyauren ƙarfe ba shi da zaure, ba ya kuma bukatar yaɓen shekara-shekara. Mutumin da da zai kwana a zauren wani a cikin gari, yanzu sai ya nemi bakin gari. Marubucin da ya ce "gida" kawai, bai bambance mai zaure da mai get ba, ya ɓatar da rabin labarin.

Ko sunayen sassan unguwar ma wasafi ne a dunƙule, ga mai kula. Akwai Bulumkutu Kasuwa, akwai Bulumkutu Abuja, akwai Bulumkutu Tsallake. Na farko ya faɗi abin da ake yi a wurin. Na biyu yana cikin ɗabi'ar da ta yaɗu a garuruwan Arewa ta laƙaba wa sabon yanki sunan babban birnin tarayya, wato suna ne mai ɗauke da buri. Na uku kuwa shi ya fi jan hankalin mai nazarin harshe, domin babu wurin da yake tsallake a karan kansa. Sai an sami wanda ya tsaya a wannan gefe ya dubi wancan. Mutanen unguwa, ba tare da sun karanta nahawu ba, sun sa matsayar mai kallo a cikin suna.

4.0 Kayan Aikin da Harshe Ya Tanada

Ana yawan cewa Hausa ba ta da yalwar sifofi, kuma gaskiya ne cewa sifofinta na asali, irin su babba da ƙarami da dogo da gajere da sabo da tsoho da launuka, ba su da yawa. Daga nan wasu suke zaton harshen ne bai dace da wasafi ba. Wannan zato ya samo asali ne daga ɗaukar cewa da sifa ake wasafi, abin da darasin insha'i na Turanci ya cusa mana. Ga wani misali, shi ma nawa ne, na gina shi daga abubuwan da aka saba gani a lungunan wannan gefe na Maiduguri, ba wani gida takamaimai ba:

(3) In ka baro Njimtilo ka nufo gari da hantsi, rana tana fuskarka. Ka sauka daga kwalta ka gangara lungu, sai takalminka ya nutse cikin rairayi. Katangun bulo a jere dama da hagu, wasu an yi musu fulasta, wasu ana ganin layin siminti tsakanin bulo da bulo. A ƙofar gida na uku darbejiya ta fasa dakali da saiwarta, inuwarta ta ƙetara har katangar maƙwabci. A gindinta an jingine kura mai jarka goma sha biyu, ruwa yana ɗiga daga ta ƙarshe yana huda rairayi. Ƙyauren ƙarfe ne, a buɗe rabi, buhu yana rataye a bayansa a madadin labule. Can jirgi ya taso daga fili, ƙararsa ta danne muryar yaran da ke karatu a rumfar kwano, suka ci gaba da motsa baki har ya wuce.

Babu sifa ta asali ko ɗaya a cikin wannan sakin layi. Da me aka yi aikin ke nan?

Abu na farko shi ne matsaya. An sa mai karatu a kan hanya, an ba shi alƙibla da lokaci, kuma rana a fuska da hantsi ta isa ta nuna gabas ya dosa ba tare da an ambaci gabas ba. A nan Hausa tana da wani makami da Turanci ba shi da shi a cikin ƙirar aikatau, wato rukuni na shida a rabon da Parsons (1960) ya yi, mai ƙarewa da -o. "Baro" da "nufo" da "taso" kowannensu yana faɗin inda mai magana yake tsaye. Da an ce "ka bar Njimtilo ka nufi gari", da mai ba da labarin yana Njimtilo ko wani wuri dabam. Da aka ce "ka baro ka nufo", ya tabbata yana cikin gari yana jiran isowarka. Wasali ɗaya ya yi aikin da wani harshe zai yi da jimla. Babban kuskuren da na fi gani a rubutun ɗalibai shi ne sauya wannan matsaya ba da sani ba: a jimla ta farko "ya shigo", a ta biyu "ya shiga", alhali ɗaki ɗaya ake nufi, sai mai karatu ya rasa ko yana ciki ko yana waje.

Abu na biyu shi ne sigar yanayi da ake samu daga aikatau: a jere, a buɗe, rataye. Gini ba ya motsi, amma kowane ɓangare nasa sakamakon wani aiki ne da hannu ya yi, kuma wannan siga tana riƙe da aikin a daskare. "Buhu yana rataye" ya nuna akwai wanda ya rataya shi, akwai kuma dalili, wato a tsare mutuncin tsakar gida a inda babu zaure. Ba a ce gidan na talaka ne ba, ba a ce matan gidan suna kulle ba; buhun ya faɗa. Kusa da wannan akwai ba abu maras rai cikakken aikatau: darbejiya ta fasa, inuwa ta ƙetara, ruwa yana huda. Fasa dakali yana faɗin shekarun itacen fiye da a ce "tsohuwa".

Sai kuma kalmomin wuri da Hausa ta ciro daga jikin mutum: kan katanga, bakin titi, gindin itace, cikin lungu, bayan ƙyaure, goshin gida. Harshen da ya ba gini kai da baki da gindi ba za a ce ya rasa hanyar zagayawa da mai karatu ba.

Game da amsa-kama da sifofin zuzutawa, sai a yi hattara. Fili fetal, lungu cunkus, unguwa tsit, shaguna reras: kowanne yana da amfani in ya zo sau ɗaya a inda ya dace. Su ma sifofin zuzutawa a asalinsu ba girma kaɗai suke nufi ba, suna nufin fasali. Zungureriyar katanga doguwa ce maras faɗi, maƙeƙen fili mai faɗi ne, shirgegen gini mai tsawo da nauyi ne. Yawan amfani ne ya goge wannan bambanci, har "tangameme" ya koma ma'anar "mai tsada" a alƙalamin wasu. Marubuci mai kula zai iya mayar musu da kaifinsu.

5.0 Kiran Abu da Sunansa

Hausa tana da kalmomin gini masu yawa ƙwarai: tubali da azara da makuba da katsi, zanko da indararo da rawani, shigifa da turaka da adada, bakan gizo da ɗaurin guga da tulluwa. Da waɗannan ne magina suke magana a kan aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a Masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, ko masallacin Yama na Jamhuriyar Nijar, aikin Falke Barmu, wanda ya sami lambar Aga Khan a 1986. Abin takaici shi ne mafi zurfin nazarin da aka yi wa waɗannan kalmomi, irin na Sa'ad (1981) da Moughtin (1985) da Dmochowski (1990), da Turanci aka yi shi, yayin da marubucin Hausa yake kiran komai "ɗaki".

To amma akwai wani rami a wannan gefe kuma. Ɗalibin da aka koya wa waɗannan kalmomi yakan so ya zuba su a ko'ina, sai ka ga ya dasa zanko da dagi a Bulumkutu don rubutunsa ya yi kama da na gargajiya. Wannan ƙarya ce ko da kalmomin Hausa ne tsantsa. Maiduguri ba garin Hausa ba ne a tsarinsa, ko da yake Hausa ta zama harshen kasuwa da titi a cikinsa. Tsohon garin ya gaji fasalin Barebari: dandal, wato faffaɗan titin da ya miƙe daga ƙofar fadar Shehu, gado ne daga Kukawa, ginin jan bulo kuma yana da tarihi a Borno tun daga Birnin Gazargamu. Unguwannin bakin gari kuwa da wani harshe dabam suke magana, na bulo da rodi da kwano da silin da sokawe, na ciki da falo da gidan haya da shago a jikin katanga, na rukunin gidajen gwamnati da ake kira da lamba, kamar 777 da 1000 da ke kan wannan hanya ta Damaturu. Waɗannan kalmomin aro su ne magina da masu haya suke amfani da su, don haka su ne gaskiyar wurin. Babu dalilin da zai sa mai nazari ya raina su, tun da ita ma "tubali" arowa aka yi.

Har zaɓin kari yana da ma'ana. Itacen da ya lulluɓe titunan Maiduguri wasu suna ce masa darbejiya, wasu dogonyaro, wasu bedi, wasu maina. A misali na (3) an ce darbejiya, wanda ya nuna mai ba da labarin da harshen Kano yake magana. Da ɗan unguwar ne aka ba alƙalami, mai yiwuwa da wata kalmar ya zaɓa, kuma da bai lura da rairayi ba sam, domin a cikinsa ya tashi. Haka nan titi: wanda ya sa ɗan acaɓa a Bulumkutu ta bayan 2011, shekarar da aka hana hawa babur a Maiduguri, ya tona wa kansa asiri cewa daga nesa yake rubutu.

6.0 Lokaci

Wuri ba ya zama ɗaya. Lungun misali na (3) da hantsin rani aka gan shi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, da tsakar rana ba za a ga kowa a lungun ba sai a gindin itace; a hunturu ƙura tana shafe ƙarshen titi; a damina rairayin nan ya zama tafki. Wasafin da bai faɗi lokacinsa ba ya yi da'awar dawwama, kuma gini ba ya dawwama.

Tsofaffin mawaƙan Larabawa sun san wannan, shi ya sa suke buɗe ƙasida da tsayuwa a kan kufai, suna ambaton sunayen wurare da alamun da suka rage. Borno tana da nata kufai. Shehu Muhammadul Amin Elkanemi ya kafa Kukawa a 1814, Rabe ya rushe ta a 1893. Mafi yawan abin da aka sani a yau game da fasalinta, cewa garuruwa biyu ne masu ganuwa, na gabas na Shehu da manyan fada, na yamma na talakawa, da fili a tsakaninsu da dandal ya ratsa, daga Barth da ya isa can a 1851 da Nachtigal da ya isa a 1870 aka same shi. Baƙi ne, don mutanensu suka rubuta, da ma'auninsu suka auna, amma sun tsaya sun duba.

Ba sai an jira mayaƙi ba kafin gari ya sauya. A Fabrairu 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday ta Maiduguri. An sake gina ta, amma tsohon jerin rumfunanta, da wane layi ke bin wane, yanzu a ƙwaƙwalwar 'yan kasuwa kaɗai yake. A ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ambaliyar 1994, ruwa ya shiga Gwange da Fori da kewayen fadar Shehu. Hoton wayar hannu yana kama fuskar gini, amma ba ya faɗin sunan da masu gida suke kiran kowane sashe, ko wanda yake da izinin wuce wace ƙofa.

Mutanen da suka san Bulumkutu kafin Oktoba 1982, suna da wayonsu a lokacin, mafi ƙanƙantarsu a yau ya haura shekara 50. Mai bincike in ya same su yakan tambaye su wa ya fara harbi da mutum nawa suka mutu. Tambayoyin da wasafi yake bukata dabam ne: ina rijiya take, da me aka yi dangar gidaje, zana ko kara ko ƙasa, gona nawa mutum yake ratsawa kafin ya iso gari, a ina baƙon da ya sauka daga mota da dare yake kwana.